Wasan Hoki Bisa Ƙanƙara A Kolejojin Amurka

Mun saba ganin hoki a fili, amma a Amurka da Kanada ana yin wani irinsa bisa ƙanƙara. 'Yan wasa shida ne a kowane gefe, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna korar wata 'yar baƙar roba da sanda.

Abin da muke so a lura da shi shi ne kulob-kulob na ɗalibai, waɗanda galibi makarantunsu ba su ɗaukar nauyinsu duka. Ɗaliban ne ke tara kuɗin hayar filin ƙanƙara da na mota, sa'an nan su tafi jihohin maƙwabta su kara da takwarorinsu a gasar yankinsu. Ƙungiyar ACHA, wadda aka kafa a 1991, ita ke haɗa da yawa daga cikin gasannin nan.

Dubi Jami'ar Jihar Arizona, watau ƙasar hamada, inda sai inji ke daskarar da ruwan wasan. Kulob ɗinta ya ci kofin ƙasa na ACHA a 2014, a 2015 kuwa jami'ar ta ɗauki nauyinsa, ya shiga sahun manya na NCAA.

Lalle malamai su riƙe wannan: ɗalibi in an ba shi ragamar abin da yake ƙauna, yakan riƙe amana.