Hasken Fitilar Mota Da Idon Direba

Direbobin da ke bin hanyar da ta tashi daga Mayanci ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi, da masu ratsewa Bukkuyum, kukansu ɗaya ne in magariba ta yi: fitilar motar da ke tahowa ta kan dalle musu ido. Muna so malamanmu su fahimci wannan al'amari, su bayyana wa jama'a.

Masana sun raba cutar haske gida biyu. Ta fari ita ce zafin da direba ya ke ji har ya runtse ido. Ta biyu kuwa hasken ne ke watsuwa cikin ƙwayar ido, ya rufe abin da ke gaba kamar hazo. Haɗarin shi ne, direba da zafi kaɗai ya ke auna fitila, alhali wadda ba ta dame shi ba tana iya ɓoye masa jaki, ko amalanke, ko mai tafiya a ƙasa.

Farar fitilar zamani mai ratsin shuɗi, watau LED, ta fi ta dā mai ruwan ɗorawa zafi a ido, ko da ƙarfinsu ɗaya. Ta babbar mota kuma a sama ta ke, daidai fuskar mai ƙaramar mota. Dattijo da mai yanar ido sun fi wahala, ƙurar hunturu a gilashi kuwa ƙara watsa hasken ta ke yi.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, sabo da haka fitila dama ya kamata ta karkata. Motar da aka ƙera domin Ingila ko Japan, in aka juya mata sitiyari ba a sake fitilunta ba, idon mai tahowa za ta riƙa haskawa.

Mu yi lissafi. Mai gudun kilomita 80 a awa yana cin mita 22 kowane sakan. In idonsa ya yi sakan 5 bai washe ba, ya yi mita 110 ke nan a makance.

To, maganin a hannunmu ya ke. A goge gilashi, makanike ya daidaita fitila. In mota ta ɓullo a sunkuyar da haske, a rage gudu, a dubi gefen hanya na dama. Kada kuma a rama wa wanda ya dalle mu, gama makafi biyu ke nan za su gamu a kan hanya ɗaya.