Rini Maimakon Fenti: Yadda Ake Raya Tsofaffin Gine-ginen Jan Bulo

Tun da daɗewa Bahaushe ya bambanta rini da shafe. Abin da aka rina, launi ya shiga jikinsa ya zama ɗaya da shi, kamar yadda baba yake kama zare a karofi. Abin da aka shafa kuwa, launin a bisa yake zaune, wata rana sai ya ɓare ya bar shi. A kan wannan bambanci ne masu kula da tsofaffin gine-gine a Ingila da Jamus da Amurka suke kafa hujjarsu ta ƙin yi wa tsohon bango fenti. Abin da ake nufi da jan bulo a wannan maƙala shi ne tubalin yumɓu wanda aka gasa da wuta, ba bulon siminti ba, ba kuma tubalin ƙasa da ake shanyawa a rana ba.

Halin jan bulo

Akan gasa jan bulo da zafin da ya kai awo 900 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas. Launinsa daga yumɓun yake fitowa: inda ƙarfe ya yi yawa sai ya fito ja, inda aka gauraya shi da alli sai ya fito rawaya, irin wanda aka gina yawancin tsofaffin unguwannin Landan da shi. Birnin ya rungumi bulo sosai ne bayan babbar gobarar 1666, sa'ad da dokar 1667 ta wajabta a sake gini da bulo ko dutse maimakon katako.

Bulon wancan zamani da hannu aka yi shi, yana da taushi, jikinsa kuma cike yake da ƙananan hudoji. Kwaɓin da aka ɗora shi da shi na farar ƙasa ne da yashi, wanda ya fi bulon taushi. Idan aka yi ruwa bangon yakan sha, idan rana ta fito ko iska ta kaɗa sai ya fitar, galibi ta gaɓoɓin da ke tsakanin bulo da bulo. Magina sukan ce bango yana numfashi. Kwaɓin shi ne yake ɗaukar wahalar, ya zaizaye a hankali, a sake shi da kuɗi kaɗan, bulon kuwa ya yi ɗaruruwan shekaru.

Fentin mai da fentin roba fata suke yi wa bango. Mai gida yakan ɗauka ya tare ruwa ke nan, alhali kuwa ruwa ba ta fuska kaɗai yake shiga ba. Yana tasowa daga ƙasa ta gindin bango, yana zuba daga fasasshen indararo, yana kutsawa ta tsaga, ga kuma tururin girki da wanka daga cikin gida. Da ya shiga sai ya rasa mafita. A ƙasashen sanyi ruwan yakan daskare, ƙanƙara kuwa ta fi ruwan da ta fito daga gare shi girma da wajen kashi 9 cikin 100, saboda haka sai ta tsattsage fuskar bulon daga ciki. Gishirin da ruwa ya ɗauko daga ƙasa shi ma yakan taru a bayan fentin ya riƙa cin bulon har ya zama gari. Daɗin daɗawa, wanda ya fara fenti ya ɗaura wa kansa hidima, domin bayan 'yan shekaru sai an sake.

Cire fentin ma wata masifa ce. A shekarun 1960 da 1970 an yi yayin feshin yashi da inji a Amurka, wanda yake kankare fenti tare da ɓawon bulon mai tauri, ya bar cikinsa mai taushi a fili. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A 1979 hukumar da ke kula da gandaye da wuraren tarihi ta ƙasar ta fitar da ɗan littafi musamman domin gargaɗi a kan wannan. Tsohon fenti kuma sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda sai a 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje a can, ƙurarta kuwa guba ce, musamman ga yara.

Gyara kafin launi

Ƙwararren magini ba ya fara maganar launi sai ya gano inda ruwa yake shiga ya toshe. Sa'an nan a wanke bango da ruwa marar ƙarfi da burushi mai laushi. Gaɓoɓin da suka zaizaye a ƙwaƙule su da hannu, zurfin ya kai kamar ninki biyu na faɗin gaɓar, a cika da kwaɓin farar ƙasa. A nan ne aka fi yin kuskure. Simintin da Joseph Aspdin na garin Leeds ya yi wa rajista a 1824 bai mamaye aikin gini ba sai a ƙarni na 20, amma tun daga lokacin an cusa shi a gaɓoɓin dubban gidajen da ba da shi aka gina su ba. Da yake ya fi bulon tauri, kuma ba ya barin ruwa ya wuce, sai al'amarin ya juye: kwaɓi ya tsaya daram, bulo ya riƙa rududdugewa a kewayensa.

Rinin kansa

Sa wa bulo launi ba sabon abu ba ne. Maginan Ingila na ƙarni na 17 da na 18 sukan jiƙa jar ƙasa a ruwa, su sa alam ko ƙaro domin ta kama, su wanke sabon bango da ita saboda a daidaita bulon da bai gasu bai ɗaya ba. Wasu ma sukan cike gaɓa da kwaɓi mai launin bulon, su ja siririn farin layi a tsakiya, domin gini mai araha ya yi kama da mai tsada. Gidan Firayim Ministan Birtaniya, mai lamba 10 a titin Downing, misali ne mai ban sha'awa. Da aka yi masa babban gyara a farkon shekarun 1960 sai aka tarar bulonsa rawaya ne, kunkunniyar hayaƙin kwal ce ta shekara da shekaru ta baƙanta shi. Bayan an wanke sai aka sake baƙanta shi da gangan, domin baƙin ne jama'a suka sani.

Rinin da aka fi yarda da shi a yau daga Jamus asalinsa yake. Wani masanin kimiyya na birnin Munik, Johann Nepomuk von Fuchs, ya yi bincike a kan abin da ake kira ruwan gilashi, watau yashi da aka narka da gishirin toka har ya zama yana narkewa a ruwa. Adolf Wilhelm Keim ya ɗora a kan wannan, ya yi rajistar launinsa na ma'adini a 1878. Zanen da aka yi da shi a bangon majalisar garin Schwyz ta ƙasar Suwizalan a 1891 yana nan har yanzu. Idan aka tsinka wannan ruwa aka sa masa garin launi, galibi na tsatsar ƙarfe, bulo yakan shanye shi, ya haɗu da ma'adinin jikinsa ya sandare a ciki, ba tare da ya toshe hudojin ba. Babu fatar da za ta ɓare, rana kuma ba ta kashe launin ma'adini da sauri.

Gwajinsa mai sauƙi ne: a yayyafa wa bango ruwa, in ya shanye to zai karɓi rini, in ya gangaro ba zai karɓa ba. Gwani yakan bi bulo ɗaya bayan ɗaya da burushi, yana sassauya kaurin launin, domin tsohon bango ba launi guda gare shi ba. Babban amfaninsa shi ne wajen faci, inda aka toshe tsohuwar taga ko aka musanya ruɓaɓɓen bulo da sabo.

Sai dai akwai abin lura. Rini ba ya warkar da bulon da ya riga ya lalace, ba ya kuma kama wanda aka taɓa yi wa fenti sai an cire fentin sarai. A kasuwa akwai tsinkakken fentin roba da ake sayarwa da sunan rini. Mafi nauyi duka, abin da ya sa rini ya fi fenti shi ne kuma aibinsa: in ya shiga ba ya fita. Masana adana gine-gine kuwa sun fi son aikin da na baya za su iya warwarewa, kuma Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta nemi sabon aiki ya saje da tsoho amma a iya gane shi. Don haka rina faci domin kada ya zama tabo a fuskar gini abu ne mai hujja; rine gida sukutum ya koma fari ko toka-toka saboda yayi kuwa ɓarna ce, ko da bangon yana numfashi. Haka nan ginin da tun asali da farar ƙasa ake shafe shi domin kare bulo mai rauni, kuskure ne a tuɓe shi.

Ƙasar Hausa ba ta san ƙanƙara a bango ba, kuma gasasshen bulo bai yaɗu a ginin gargajiya ba, ko da yake maƙwabta Barebari sun yi aiki da shi a Birnin Ngazargamu da fadar Gambaru. Amma matsalar laima da gishiri iri ɗaya ce. Makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wadda ake sa wa yaɓe da daɓe, shiga ƙasar take yi ta ƙarfafa ta, ta kuma ba ta duhun launi. Ta fi kusa da rini ke nan. Laso ma, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da dafara, da tubali yake tafiya. Yaɓen siminti da fentin mai da ake yi wa tsofaffin zaure da soraye a Kano da Zariya da Damagaram kuwa fata ne. Bayan damina kaɗan, in aka ƙwanƙwasa shi sai a ji yana amsawa kamar ganga, alamar ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta rabu da shi.