Madafa Mai Kyau: Kowane Gida Zai Iya Gina Tasa

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, in za a gina gida, ɗakin kwana ake fara yi. Sai rumbu, sai danga. Madafa ce ke zuwa ƙarshe, wani gidan ma babu ita. Duwatsu 3 ne a gindin zana, nan uwargida ke tsugunawa, ko rana ko iska. Alhali nan ne ake hura wuta safe da maraice, duk shekara.

Wannan sakaci yana jawo asara iri 3.

Ta farko, gobara. Lokacin hunturu kara ya bushe, zana ta bushe, iska na kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ɗaki da rumbu, hatsin shekara ya zama toka.

Ta biyu, hayaƙi. Shi ke kawo ciwon ido da tari da ciwon huhu. Mace da goyonta su ne suka fi shaƙar sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane fiye da miliyan 3.

Ta uku, icce. Murhun dutse 3 a fili yake. Iska ke kwashe mafi yawan zafin, kaɗan ke kai wa tukunya. Tun farin 1973 da na 1984 daji ya ja baya. Mata na tafiya mai nisa neman icce. Wasu sun koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki a gona.

Maganin waɗannan duka bai buƙatar kuɗi masu yawa. Laka ce da ciyawa da aikin hannu. Lokacin yin sa kuwa bayan girbi ne, kafin tabkuna su ƙafe.

Zaɓen wuri

A nisanta madafa da rumbu, da tarin kara, da garken bisashe. A nisanta ta da shadda, saboda ƙuda. A zaɓi wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya.

A lura da iska. Iskan hunturu daga gabas maso arewa yake busowa. Hadarin damina shi ma galibi daga gabas yake tasowa. Saboda haka kada ƙofa ta dubi gabas. A sa ta dubi yamma ko kudu.

Neman laka

Yawancin ƙasar Mayahi da arewacin Tasawa jigawa ce. Rairayi ba ya gini. Laka tana bakin tabki da fadama, kamar wasu wurare na kwarin Gulbin Kaba. Ƙasar tsohon shuri ma tana da kyau.

Ga yadda ake gwada ta. A jiƙa ta, a murza ta a tafin hannu kamar igiya. In ta gutsuttsure nan da nan, rairayi ya yi yawa. In ta yi igiya, a dunƙula kaɗan a shanya. In ta tsattsage da ta bushe, yumɓu ya yi yawa, sai a ƙara rairayi.

Bango da hanyar hayaƙi

Madafa mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da rabi, ta ishi gida ɗaya. A haƙa harsashi kamu ɗaya. A yi tubali da laka da yankakkiyar ciyawa, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗora. Tsayin bango ya wuce mita 2, don harshen wuta ya yi nisa da rufi.

Babban kuskure shi ne a toshe madafa kamar ɗakin kwana. Hayaƙi sama yake tashi, to a ba shi hanya. A bar kafofi 3 ko 4 a saman bango, dab da rufi, ta gefen da murhu yake. A bar wasu a bangon da ke fuskantar sa. A buɗe taga guda don haske. Madafar da mutum ya shiga idonsa ya kawo ƙwalla, kafofinta sun yi kaɗan.

Rufi

Rufin ƙasa ya fi na ciyawa aminci, don ba ya kama wuta daga waje. A ɗan karkata shi, a sa indararo mai tsawo, kada ruwa ya ci gindin bango. Mai halin kwano ya bar tazara tsakanin kwano da bango.

Kada a sare ɗanyen gawo ko goriba don rufi. Manoman jihar Maradi da ke yin sassaben zamani, wanda ya bazu tun shekarun 1980, suna samun sanduna daga rassan da suke ragewa a gonakinsu. Akwai kuma gini marar icce, na baka da tulluwa, da tubali zalla. An fara shi a Nijar a 1980, a garin Cikal na ƙasar Filinge. Amma shi sai maginin da ya koya.

Murhu

Murhu shi ne zuciyar madafa. A shekarun 1980 aka yaɗa ingantattun murahu a Nijar. Akwai Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke yi. Akwai na laka, wanda aka sani da Albarka. Na laka, mace za ta iya gina shi da hannunta.

1. A haɗa kamar mudu 4 na laka, mudu 1 na kashin shanu ko na jaki, mudu 1 na yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi. A kwaɓa, a tattake, a rufe. A riƙa yayyafa ruwa har mako guda.
2. A shimfiɗa laka a ƙasa. A kafa duwatsu 3, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita. Daga ƙasa zuwa gindin tukunya a bar kamar santimita 12.
3. A zagaye tukunya da bangon laka mai kaurin tafin hannu, har zuwa kusa da kunnuwanta.
4. Tsakanin tukunya da bango a bar kafa ta shigar yatsa guda. In ta matse, wuta ba ta ci. In ta yi faɗi, zafi ya gudu.
5. Washegari a yanka ƙofar icce da wuƙa, tsakanin duwatsu 2. Kada ta wuce girman tafin hannu.
6. A bar shi ya bushe a inuwa mako guda. Wutar farko a yi ta ƙarama.

Kowace tukunya da nata murhu: na tuwo daban, na miya daban. Sanda 2 ko 3 sun isa, ba sai an cusa dami ba. Yaro mai rarrafe kuma bai samun wuta a fili balle ya faɗa.

Gyaran tsohuwar madafa

Mai madafa ba sai ya rushe ta ba. Ya huda kafofin hayaƙi. Ya kankare kunkunniya daga rufi, don tana kama wuta. Ya duba sandunan da gara ta ci, ya sake su. Kafin damina a sake yaɓe, musamman bangon gabas. Inda ake samun makuba, a gama da ita. A yi daɓe a ƙasa, a gina dakali na ajiye ƙore da tukwane. In murhu ya tsage, a cike shi tun tsagar tana ƙarama.

Abu 2 kada a manta. In an gama girki a kashe wuta, a rufe garwashi da toka. Kuma komin sanyi, kada a kai garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa.

Maigida ya kawo laka ya ta da bango, uwargida ta gina murhu, samari su ɗebo ruwa. In aka yi gayya, gida bayan gida, kafin ruwan shuka unguwa duka ta samu madafa.