Katin Sulalla Goma: Asalinsa da Ma'anar da Aka Ɗora Masa

Matasa da yawa a Rafin Guza da Kawo da sauran unguwannin arewacin Kaduna sukan ci karo da wasu bidiyo a TikTok da Facebook, inda wata mata take baza katuna masu zane a kan tebur, ta zaro ɗaya, ta ce arzikin dangi na nan tafe. Wannan karta ita ake kira tarot, kuma katin da aka fi dangantawa da gado da dukiyar gida shi ne mai ɗauke da tsabar kuɗi guda goma. Mu kira shi Sulalla Goma.

Karta ta shiga Turai ne a shekarun 1370, kuma masana tarihi sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zamanin daular Mamluk ta je. Har yau akwai ragowar irin wannan karta a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai gidaje huɗu: tsabar kuɗi, kofuna, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. A wajajen 1440, a fadojin arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara mata wasu katuna masu hotuna domin wasan ya ƙara armashi. Daga baya adadin ya tsaya a kan 78: manya 22, ƙanana 56, kowane gida da 14. Fiye da shekara ɗari uku ana wasa da ita kamar yadda ake buga karta a majalisa.

Duba da ita ya yaɗu ne daga Faransa. A 1781 wani marubuci mai suna Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirarin cewa katunan sun ƙunshi asirin Misirawan dauri, maganar da ba ta da wata hujja ta tarihi. Bayansa wani mai laƙabin Etteilla ya tsara wa kowane kati ma'ana, a miƙe da kuma a juye.

A yawancin tsofaffin katunan, Sulalla Goma ba shi da komai sai kuɗin nan goma a jere. Hoton da aka sani yanzu ya fito ne a Landan a 1909, lokacin da Arthur Edward Waite ya tsara sabuwar karta, Pamela Colman Smith kuma ta zana ta. Ta zana dattijo mai furfura zaune cikin riga mai ado, farare karnuka biyu a gabansa, miji da mata a tsaye a ƙofar gida, ga yaro a gefen uwar. Wato kaka, da iyaye, da jika a wuri ɗaya. Daga nan masu duba suke karanta gida mai tushe, gado, da arzikin da ya wuce rayuwar mutum guda. In katin ya fito a juye, sai su ce asara ce, ko rigimar gado, ko dukiyar da za a ɓarnatar.

To, ta yaya mai sauraro yake jin kamar da shi ake? A lissafi, in an cakuɗa kartar sosai aka zaro ɗaya, damar fitowar wannan katin ɗaya ce cikin 78, daidai da ta kowane kati. Abin da ke aiki shi ne faɗin maganar. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarsa da su, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3 cikin 5. Haka batun gado yake. Da wuya a sami gidan da ba shi da fili, ko gona, ko tsohon bashi, ko ɗan'uwan da ake jin nauyin yi wa magana. Mai sauraro ne yake cike gibin da labarin gidansu. Wanda ya san yadda masu bugun ƙasa suke magana zai gane salon.

Matsayin Musulunci a kan duba sananne ne: sanin gaibu na Allah ne, kuma hadisai sun yi hani mai tsanani ga zuwa wurin boka ko ɗan duba. Malaman Kirista ma suna hana mabiyansu.

Abin lura shi ne, damuwar da katin yake taɓowa ta gaske ce, kuma tana da hanyoyinta sanannu. In mutum ya rasu, ana fara cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba saura bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. In an kasa daidaitawa, kotun shari'a tana nan. Fili da gida kuwa suna buƙatar takardar mallaka, wadda a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke kula da ita.

A ganina, wanda ya ji hoton dattijon nan da jikansa ya taɓa masa zuciya, ya dace ya zauna da mahaifinsa tun yana raye, a rubuta abin da aka mallaka da bashin da ake bi da wanda ake binsa, a sa shaidu, a adana takardu inda ruwa da gara ba za su kai ba. Gidajen da suka yi haka su ne 'ya'yansu ke ci gaba da gaisawa bayan an gama rabo.