Laimar Sauka Daga Jirgin Sama: Rai a Hannun Mai Naɗi

Duk wanda ya taɓa tashi daga Malam Madori ya gangara kudu, ya wuce Haɗeja har bakin kogi da sassafe, ba zai rasa ganin masunci tsaye a kan kwalekwale yana shirya birgi ba. Kafin ya jefa, sai ya ɗauki lokaci yana tattara ragar falle-falle, yana duba kada wata dalma ta sarƙe da 'yar'uwarta. In shirin ya yi kyau, birgin zai baje a sama kamar faifai, ya rufe ruwa. In kuwa an yi gaggawa, sai ya faɗa a dunƙule, kifi ya watse. To, masuncin da birginsa ya ƙi buɗewa asarar jifa ɗaya kawai ya yi, zai janyo ya sake. Amma akwai wata sana'a mai kama da tasa, ita ma ta naɗe nailan da igiyoyi domin su baje a cikin iska, wadda kuskure a cikinta rai yake ci. Wannan ita ce sana'ar naɗin laimar sauka daga jirgin sama.

Ba sai an je ƙasashen Turai za a ga masu wannan aiki ba. A Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya, makarantar horar da sojojin ƙasa ta Nijeriya tana da sashe na musamman inda ake koyar da sojojin laima. Kurata kan fara da koyon faɗuwa a ƙasa, sa'an nan su hau hasumiya, daga bisani a ɗauke su a jirgin mayaƙan sama su diro. Jama'a kan yi ta kallon laimomi suna saukowa, ana tafi ana yaba jarumtar masu dirowa. Kaɗan ne ke tuna mutumin da ya tsaya gaban dogon tebur tun kafin ranar, ya naɗe kowace laima da hannunsa, ya sa hannu a takarda cewa shi ya naɗe.

Yadda iska ke tare mai faɗowa

Mutumin da ya fito daga jirgi, ƙasa tana jan sa, gudunsa yana ƙaruwa kowace daƙiƙa. Sai dai iska ita ma tana turjiya, kuma turjiyar tana ƙaruwa da gudu: in gudu ya ninka sau 2, turjiya ta ninka sau 4. Bayan kamar daƙiƙa 12, turjiyar iska sai ta yi daidai da nauyin mutum, gudun ya daina ƙaruwa. Ga wanda ya baje hannuwa da ƙafafu, cikinsa na fuskantar ƙasa, wannan gudu ya kai wajen kilomita 200 a awa, wato kimanin mita 55 a daƙiƙa.

Aikin laima shi ne ta ƙara faɗin abin da iska ke tarewa. Faɗin jikin mutum bai cika murabba'in mita 1 ba. Laimar soja mai siffar ƙwarya da ake kira T-10, wadda Amurka ta ƙera a shekarun 1950 ƙasashe da yawa kuma suka yi amfani da ita, tana da faɗin mita 10.7 daga gefe zuwa gefe, an ɗinka ta da falle 30, an ɗaura mata igiya 30. Shimfiɗarta ta kusa murabba'in mita 90. Da yake gudu yana raguwa ne da tushen murabba'in faɗi, ninka faɗi sau 100 yana mai da gudu kashi ɗaya cikin 10. Shi ya sa mita 55 ke komawa mita 6 ko 7 a daƙiƙa. Ɗalibin da ya iya lissafin faɗuwar abu zai gane cewa wannan daidai yake da dirowa daga katanga mai tsawon mita 2 zuwa 2 da rabi. Ba wasa ba ne, don haka ake shafe kwanaki ana koya wa kurata haɗa ƙafafu da mirginawa.

Akwai abin da ya shafi ƙasar Haɗeja kai tsaye a nan. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi kauri ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, kaurin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100 in an gwada da iska mai digiri 15, wadda masu ƙera kayan jirgi ke ɗauka a matsayin ma'auni. Laima ɗaya, mutum ɗaya, amma dukan da zai sha a ƙasa da tsakar ranar bazara ya fi wanda zai sha da sanyin safiyar hunturu.

Daga siliki zuwa nailan

Ranar 22 ga Oktoba 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya yanke igiyar balan-balan ɗinsa a sararin samaniyar Faris, ya sauko cikin kwando da laimar siliki. Ya tsira, amma laimar ta yi ta lilo da shi, domin iskar da ta tara ba ta da mafita sai ta gefe. Maganin da aka samu shi ne a huda ƙoli, kuma har yau laima mai siffar ƙwarya tana da wannan kafa. A 1919, a jihar Ohayo ta Amurka, Leslie Irvin ya diro daga jirgi da laima a goye, ya ja igiyar buɗewa da hannunsa. Laimar ta buɗe lafiya, shi kuwa ya karye a idon sawu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar silikin Japan, sai aka koma ga nailan, kuma wata mace, Adeline Gray, ita ta fara gwada laimar nailan da ranta a watan Yuni 1942.

Laimar da masu wasan dirowa ke amfani da ita yanzu ba ƙwarya ba ce, fiffike ce. Domina Jalbert ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1960. Rufi biyu gare ta, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa aljifai 7 ko 9 masu buɗaɗɗen baki. Iska na shiga aljifan ta kumbura su, sai laimar ta tashi kamar fiffiken shirwa, ana juya ta dama da hagu da igiyoyi biyu.

A nan ne zaɓen kaya ke da muhimmanci. Abin da ake dubawa shi ne nauyin da kowane murabba'in mita zai ɗauka. Ɗan koyo mai nauyin kilo 75, in an haɗa da kayan da ya goya ya kusa kilo 90, akan ba shi laima mai murabba'in mita 21 zuwa 24, mai tafiya a hankali, mai yafe kuskure. Gwanaye kan sauko da wadda ba ta kai murabba'in mita 10 ba, tana gudu kamar babur. Abin mamaki, da yawa daga waɗanda suka mutu a wannan wasa cikin shekarun baya-bayan nan laimarsu ta buɗe sarai. Ƙarama suka zaɓa tun ba su ƙware ba, suka yi kwana kusa da ƙasa. Wanda ya fara koyon hawa da ingarman doki, bai kamata ya zargi sirdi ba.

Haka nan dole kowane sashe ya dace da ɗan'uwansa. A watan Mayu 1978, sojojin laima na Faransa da aka tura Kolwezi a ƙasar Zayar, wato Kwango ta yanzu, sun bar laimominsu a gida don rage wa jirage nauyi, suka karɓi T-10 na sojan Zayar. Sai a filin jirgin Kinshasa suka tarar maratayan laimar Amurka ba su dace da jakunkunansu ba, dole suka yi ta ɗauri da waya da igiya kafin su tashi.

Teburin mai naɗi

Mai dirowa laima biyu yake goyawa: babba, da ta ko-ta-kwana. A wasan dirowa mutum na iya naɗe babbar da kansa cikin 'yan mintoci. Ta ko-ta-kwana kuwa sai mai naɗi mai lasisi. Dokar Amurka ta ce a kwance ta, a bincika, a sake naɗewa duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Mai naɗin zai bi ƙyallen falle-falle yana neman ƙuna ko huji, ya bi kowace igiya da yatsa daga laima har zuwa ɗamara don tabbatar da babu wadda ta haye wata. Igiya ɗaya da ta haye bisa laima tana iya shaƙe ta ta raba ta biyu. In ya gama, sai ya ƙirga kayan aikinsa kamar yadda ake ƙirga almakashi bayan tiyata, domin ƙusar riƙo ɗaya da aka manta a ciki ta isa ta kulle jakar. Daga nan ya ɗaure bakin da jan zare, ya matse hatimin dalma mai lambarsa, ya rubuta rana da sunansa a katin da ke cikin aljihun jakar. A rundunar sojan Amurka, mai koyon naɗi sai ya diro da laimar da ya naɗe da hannunsa kafin a ba shi shaida. Da wuya a sami jarrabawar da ta fi wannan gaskiya.

Manyan haɗura sukan faro daga ƙananan abubuwa. Duk jakar, 'yar igiya ce mai hanci, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba, ke riƙe da ita a rufe, an soka mata lanƙwasasshen fil. In ta fara sakin zare aka ƙyale ta, tana iya tsinkewa a bakin ƙofar jirgi. Igiyoyin laima kuma ana jera su ne cikin robobi don su warware bi da bi kafin ƙyallen ya fito. Robar da zafi ya busar sai ta tsinke, laimar ta buɗe da fizga mai iya karya ƙashi. Akwai kuma wani ƙyalle mai zobba 4 da ke zamewa bisa igiyoyi yana rage saurin buɗewa. Gogar zobban na haifar da zafi, zafin kuma yana sa wasu irin igiyoyi su tsuke sannu a hankali, har laimar ta karkace. Saboda haka ake auna tsawonsu, a canza su baki ɗaya bayan 'yan ɗaruruwan dirowa.

Tun 1991 aka sami mataimaki na lantarki, na'urar CYPRES da Helmut Cloth ya ƙera a Jamus. Tana auna matsin iska, ta san tsayi da gudu. In mai dirowa ya kai kimanin mita 225 daga ƙasa alhali gudunsa ya wuce mita 35 a daƙiƙa, watakila ya suma, sai ta yanke igiyar kulle ta saki laimar ko-ta-kwana. Ita ma tana da wa'adi, shekara 12 da rabi ko 15 da rabi gwargwadon shekarar da aka ƙera ta. Duk wayonta, iyakarta ta buɗe jaka. Abin da zai fito ya dogara da wanda ya naɗe. Ƙungiyar masu wasan laima ta Amurka ta ƙirga mutuwa 10 cikin dirowa kimanin miliyan 3.65 a 2023, kuma irin wannan tsantseni ne ya sauko da adadin haka.

Rana, ƙura da laima ta damina

Babban abokin gabar nailan shi ne rana. Cikin haskenta akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet, yana tsinka dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zaren. Manomin Malam Madori ya san buhun roba da aka bari a fili wata biyu ko uku: da ka ɗaga sai ya yage, yana zubar da gari. Ba nailan ba ne, amma cutar ɗaya ce, kuma ita ce ke cin birgin da aka saba shanyawa a rana tsaka. Haɗarin shi ne ƙyalle na iya rasa ƙarfi da yawa alhali a ido kamar lafiyarsa lau. Don haka ba a naɗe laima sai a inuwa, kuma ba a barin ta baje a fili ana hira.

Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin zaruruwa ta yi ta goga su kamar sanfefa, ƙyallen ya riƙa yoyon iska. Wadda ta faɗa ruwa ko ta jiƙe da raɓar fadama, sai a rataye ta a inuwa mai iska ta bushe sarai, in ba haka ba fumfuna ta kama ta, ƙarafanta su yi tsatsa. Ruwan batir kuwa ɗigo kaɗan ya isa ya cinye ɗamarar da ke ɗauke da mutum, shi ya sa ba a jefa jakar laima a but ɗin mota inda aka taɓa ajiye batir. Wanda aka yi wa tayin laimar gwanjo mai araha ba tare da katinta ba, bai san rana nawa ta sha ba, bai san inda ta kwana ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Malamin kimiyya na iya nuna yawancin wannan a aji da leda, zare da tsakuwa. A yanka da'ira biyu daga leda, ɗaya mai faɗin santimita 30, ɗaya 60, a ɗaura wa kowace zare 8 masu tsawo ɗaya, a rataya tsakuwa masu nauyi ɗaya. A sake su daga saman bene, a auna lokacin da agogo. Babbar ya kamata ta ɗauki kusan ninki biyu na lokacin ƙaramar. A huda ƙolin ɗaya a ga yadda lilo ke raguwa. Sa'an nan a rage tsawon zare 2 daga cikin 8 da santimita 5, a ga inda za ta nufa. Daga ƙarshe a raba ɗalibai gida biyu: wasu su naɗe tasu falle-falle, zaruruwa a jere, wasu su dunƙule ta yadda suka ga dama. Kowane gida ya cilla tasa sama sau 20, a rubuta a allo sau nawa ta buɗe kafin tsakuwar ta taɓa ƙasa.