Soja da Rantsuwarsa: Darasi Daga Yaƙin Basasar Nijeriya

A Tozai da sauran garuruwan Isa da Sabon Birni, aikin soja ba baƙon abu ba ne. Ƙasar Gobir ƙasar mayaƙa ce tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, kuma har yau samari na zuwa neman shiga soja, musamman ganin yadda 'yan bindiga suka addabi yankin. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane saurayi da iyayensa su san amsarta: idan ra'ayin soja ya saɓa da rantsuwar da ya yi wa ƙasa, wanne zai bi? Tarihin yaƙin basasar Nijeriya ya ba da amsa.

Yadda abin ya faro

Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu ƙananan hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna, Manjo Chukwuma Nzeogwu ne ya jagoranci waɗanda suka kashe Firimiyan Arewa, Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello. A Legas kuma aka kashe Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nzeogwu haifaffen Kaduna ne, yana jin Hausa sosai. Hujjarsa ita ce 'yan siyasa sun lalata ƙasa da cin hanci. Ke nan ya ɗora ra'ayinsa a kan rantsuwarsa, ya juya bindigar gwamnati a kan gwamnati.

A wannan rana Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano. Shi ma Ibo ne, haifaffen Zungeru, amma ya ƙi mara wa Nzeogwu baya, ya tsaya tare da hedkwatar soja. Wannan ya taimaka wajen rushewar yunƙurin a Arewa.

Sai dai wutar ta riga ta kama. Ranar 29 ga Yuli, 1966, sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwar gayya, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon ya hau mulki. A wannan shekara aka kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, sauran suka gudu gida. Daga nan soja ya daina yarda da ɗan'uwansa soja. Kowa ya koma duba ƙabilar abokin aikinsa kafin ya dubi kakinsa.

Yadda biyayya ta juya

Ranar 27 ga Mayu, 1967, Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, ciki har da Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. Bayan kwana 3, Ojukwu, wanda ya tsaya da gwamnati a Kano, shi ne ya yi shelar ɓallewar Biyafara. Aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli.

Shi kuwa Nzeogwu, kafin yaƙin ya faɗa wa wani ɗan jarida cewa bai goyi bayan raba ƙasa ba. Duk da haka a ɓangaren Biyafara ya yi yaƙi, aka kashe shi kusa da Nsukka a ƙarshen Yuli, 1967. Gowon ya sa aka kai gawarsa Kaduna, aka binne shi da girmamawar soja. Mai karatu ya duba: wanda ya ƙi juyin mulki ya jagoranci tawaye, wanda ya ƙi raba ƙasa ya mutu a sahun masu raba ta. Da zarar soja ya saki igiyar rantsuwa, ruwa ne ke tafiya da shi inda bai yi niyya ba.

Kafin yaƙin sojojin Nijeriya ba su fi 10,000 da wani abu ba, amma da aka gama sun kai kimanin 250,000. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyuka, ba su suka haddasa rikicin ba, amma su ne suka zubar da jini. An rasa rayuka fiye da miliyan 1, akasari fararen hula da yunwa ta kashe.

Biyayya ba makanta ba ce

Kada a ɗauka cewa biyayya ita ce aikata duk abin da aka ce. Gwamnatin Gowon ta fitar da ƙa'idojin yaƙi waɗanda suka hana taɓa mata da yara da asibitoci da wuraren ibada. Duk da haka an kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba a watan Oktoba, 1967, abin da ya zama tabo har yau. Sojan da ya kashe wanda bai ɗauki makami ba ya ci amanar rantsuwarsa, ko da umarni aka ba shi.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas. Gowon ya ce ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci da yaƙi. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa, ya dawo gida daga gudun hijira.

Abin lura

Tsarin mulkin 1999 ya haramta karɓar mulki ta kowace hanya in ba wadda ya tanada ba. Soja mutum ne, yana da ra'ayi a zuciyarsa, amma bindigar da ke hannunsa ta al'umma ce, da kuɗin talaka aka saye ta. Ba ta jam'iyya ba ce, ba ta ƙabila ba ce. Iyayen da ɗansu zai tafi soja, bayan addu'a, su ja masa kunne a kan wannan amana. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.