Yadda aka auna juyawar garken taurari

A daren da babu wata, ana ganin wata farar hanya ta ratsa sama kamar hayaƙi. Taurari ne masu ɗimbin yawa. Rana ma ɗaya ce daga cikinsu. Irin wannan babban garke na taurari, masana suna ce masa galaksi. Garken yana juyawa, amma ido ba ya gani, don zagaye guda na rana yana cin shekara miliyan 230 ko kusa da haka.

To, yaya aka auna shi? Tsakanin taurari akwai wata iska mai suna idirojan. Wannan iska tana fitar da igiyar rediyo mai tsawon santimita 21. Wani ɗan ƙasar Holan, Hendrik van de Hulst, shi ya fara lissafa haka a 1944. A 1951 Ewen da Purcell suka kama igiyar a Amurka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya san abu guda. Idan babbar mota tana tahowa da gudu, ƙararta siririya ce. Da ta wuce, sai ƙarar ta yi kauri. Haka igiyar idirojan take. Idan iskar tana matsowa wajenmu, igiyar takan gajarta kaɗan. Idan tana nisa, sai ta ƙara tsawo. Da galaksi yana juyawa, gefe ɗaya yana tahowa, ɗayan yana tafiya. Masana sukan juya babban faifan rediyo wajensa, su auna bambancin, su san saurin kowane gefe.

Nan ne abin mamaki ya fito. Duniyarmu tana zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa. Neptun da ke can nesa, kilomita 5 kawai take yi. Sai aka zaci gefen galaksi ma a hankali zai tafi. A 1978 Albert Bosma ya duba galaksi 25 a Holan. Ya tarar iskar da ke can baki, inda taurari suka ƙare, ba ta rage gudu ba.

Da taurari kaɗai ke riƙe da ita, da tuni ta watse. Ke nan akwai wani abu mai nauyi da ba ya haske, yana janta. Masana suna kiransa baƙin abu. Nauyinsa ya fi na taurarin duka, amma har yanzu ba a kama ko ƙwayarsa guda ba.